Yadda ake lissafin yiwuwa in ana zaɓen ɗalibai da ƙuri'a, kuma zaɓen farko bai taɓa na biyu ba

Akwai wata tambaya da ba ta cika ɓacewa daga takardar lissafi ba: aji mai ɗalibai kaza, an zaɓi biyu kan mai uwa da wabi, menene yiwuwar a ce dukansu mata ne? Ɗalibi na ganinta sai ya yi murna, ya ce ai wannan sau ne kawai, ya danna kalkuleta ya wuce abinsa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci kuma maki ya tafi bai ma san ta inda ya zube ba. Ni dai abin da na lura da shi a wajen koyar da wannan darasi na furobabiliti, wato lissafin yiwuwa, shi ne ba a wajen yin sau ɗin ake faɗuwa ba, ana faɗuwa ne tun kafin a taɓa kalkuleta, wajen gane ko abin da ya faru da farko ya canza na biyu ko bai canza ba. Toh bari mu bi shi a hankali.

Da farko, me ake nufi da kan mai uwa da wabi

Ana nufin kowane ɗalibi damarsa daidai take da ta ɗan'uwansa, babu wanda ya fi wani kusa da a kira shi. Malami ya tsaya a gaban aji ya nuna wani da yatsa, wannan ba shi ba ne fa, don ido ya fi sauka kan 'yan gaba da masu surutu da wanda ya sunkuyar da kai yana ɓuya. Hanyar gaskiya ita ce a rubuta sunan kowa a 'yar takarda, girmansu ɗaya, a naɗe su iri ɗaya, a zuba a kwali a girgiza sannan a sa hannu ba tare da an leƙa ba. Ko kuma a ba kowa lamba daga 1 zuwa 30, a buɗe Excel a rubuta =RANDBETWEEN(1,30) kwamfuta ta fitar da lamba. Ka riƙe wannan na Excel ɗin a ranka, yana iya maimaita lambar da ya riga ya fitar, kuma nan gaba za ka ga abin da hakan ke nufi.

Mataki na ɗaya: nemo yiwuwar kowane abu shi kaɗai

Wannan ba wuya. Ka ƙirga waɗanda kake nema ka sa a sama, ka ƙirga kowa da kowa ka sa a ƙasa, ka raba. Mu ɗauka aji ne mai mutum 30, mata 18 maza 12. Yiwuwar a zaro mace 18/30 ce, in ka taƙaita 3/5, wato 0.6, ko kashi 60 cikin ɗari. Ta namiji 12/30, wato 0.4. Ka haɗa su ka ga sun ba da 1, in ba su ba da 1 ba toh akwai wanda ka manta ko ka ƙirga sau biyu. Kuma duk amsar da ta wuce 1 ko ta yi ƙasa da sifili, kada ma ka tsaya jayayya da ita, kuskure ce.

Mataki na biyu: tambayar da komai ya rataya a kanta

A nan gizo ke saƙar. Kafin ka yi sau, ka tambayi kanka: in da wani zai zo ya raɗa min sakamakon zaɓen farko, shin zan canza lambar da na rubuta wa zaɓe na biyu? In amsar a'a ce, abubuwan biyu masu zaman kansu ne, kowa harkar gabansa yake. In kuwa amsar eh ce, sun dogara da juna, kuma lissafinsu ya ɗan bambanta.

A tambayoyin zaɓen ɗalibai, hanya uku ce galibi ake samun zaman kai. Ta farko, an zaro suna an karanta an mayar da shi kwali an sake girgizawa. Kwalin ya koma yadda yake tun farko, takardu 30, mata 18, kamar ba a taɓa shi ba, irin abin da Excel ɗin nan ke yi kenan tunda yana iya maimaita lamba. Ta biyu, ana zaɓe ne daga wurare biyu daban, ɗaya daga wannan aji ɗaya daga wancan, ai abin da ka zaro a kwalin farko ba ya rage komai a kwali na biyu. Ta uku kuma ita ce makarantar tana da girma sosai har cire mutum ɗaya ko biyu bai isa ya motsa lissafin ba, wannan zaman kai ne na kusan-kusan, za mu dawo kansa.

In kuwa an zaro suna an ajiye a gefe, ko tambayar ta ce an zaɓi ɗalibai biyu su wakilci aji, ko an zaɓe su lokaci guda, toh babu zaman kai. Mutum ɗaya ba zai zama wakilai biyu ba ai. Wannan na "lokaci guda" yana ruɗa mutane da yawa, suna ganin tunda hannu ɗaya aka sa aka kwaso takardu biyu babu na farko babu na biyu, alhali daidai yake da ka zaro ɗaya ka riƙe ka sake zaro wata.

Mataki na uku: yi sau

In ka tabbatar da zaman kai, ƙa'idar gajeriya ce, P na nufin yiwuwa, A da B kuma abubuwa biyun da kake so su faru:

P(A da B) = P(A) × P(B)

A ajinmu mai mutum 30, in ana mayar da suna, yiwuwar mace ta fito sau biyu a jere 0.6 × 0.6 = 0.36. Shi ke nan. Yanzu gwada in ba a mayarwa: zaɓen farko 18/30, amma a na biyu saura mata 17 cikin mutum 29, don haka 18/30 × 17/29 = 306/870, kusan 0.352. Ka ga sun yi kusa, 0.36 da 0.352, shi ya sa ɗalibi ke ganin ai duk ɗaya ne, amma mai duba takarda ba ya ganin haka, kuma gaskiyarsa. Ka lura ko a nan ma sau aka yi, abin da ya canza kawai lamba ta biyu ce, sama ta ragu da ɗaya ƙasa ta ragu da ɗaya.

Ba na son ka haddace ƙa'idar nan haka kawai ba ka san daga ina ta fito ba, don wanda ya haddace ranar da ya ruɗe sai ya tara maimakon ya yi sau. Ga aji biyu. Aji A shi ne namu na ɗazu, mata 18 maza 12. Aji B mutum 40 ne, mata 10 maza 30. Za a ɗauki mutum ɗaya daga kowanne. Haɗi nawa ne zai iya fitowa gaba ɗaya? Kowane ɗaya daga mutum 30 na A zai iya haɗuwa da kowane ɗaya daga mutum 40 na B, wato 30 × 40 = 1200. A cikin haɗin nan 1200, nawa ne mace da mace? Mata 18 na A, kowace za ta iya haɗuwa da mata 10 na B, 18 × 10 = 180. Toh yiwuwar ita ce 180/1200 = 0.15. Yanzu bi ta ƙa'ida: mace daga A 0.6, mace daga B 10/40 wato 0.25, 0.6 × 0.25 = 0.15. Ka gani ko, abu ɗaya ne, ƙa'idar ƙirge ce aka gajarta. Ko ka kalle shi ta wata fuskar: a cikin kowane zagaye ɗari, kusan 60 mace za ta fito daga A, a cikin 60 ɗin nan kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne mace za ta fito daga B, kwatan 60 kuwa 15 ne.

Wata 'yar dabara ta duba kai: amsar "da" ba ta taɓa fin ƙaramar lambar da ka fara da ita. In ka fara da 0.6 da 0.25 ka ƙare da 0.85, ka san tarawa ka yi. A ce abu biyu su faru tare ya fi sauƙi a kan ɗaya ya faru shi kaɗai, hankali ma ba zai ɗauka ba.

Mataki na huɗu: fitar da dukkan hanyoyin, ko da ba a tambaye ka ba

Wannan shi ne matakin da ɗalibai ke tsallakewa don gaggawa, ni kuma shi na fi so, don yana kama kuskure da kansa. A misalin aji biyun nan hanya huɗu ce kacal:

mace daga A, mace daga B: 0.6 × 0.25 = 0.15
mace daga A, namiji daga B: 0.6 × 0.75 = 0.45
namiji daga A, mace daga B: 0.4 × 0.25 = 0.10
namiji daga A, namiji daga B: 0.4 × 0.75 = 0.30

Tara su, 0.15 da 0.45 da 0.10 da 0.30, sun ba da 1 cif. Da zarar ka samu wannan a gabanka duk tambayar da aka jefo maka ɗauka kawai za ka yi. An ce mace ɗaya namiji ɗaya? Layi biyu ne suka dace, na biyu da na uku, 0.45 + 0.10 = 0.55. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya rubuta 0.45 ya tsaya, ya manta cewa macen za ta iya fitowa daga B namijin daga A. An ce jinsinsu ɗaya? 0.15 + 0.30 = 0.45. Abin riƙewa dai, a cikin layi ɗaya sau ake yi, tsakanin layi da layi kuma tarawa ake yi, saboda layi biyu ba sa faruwa tare.

In zaɓe uku ne hanyoyin sun zama takwas, har yanzu ana iya rubuta su. Mu koma aji ɗaya da mayar da suna, a zaro sau uku, ana neman mata biyu daidai ba ƙari ba ragi. Namijin zai iya zama na farko, ko na tsakiya, ko na ƙarshe, hanya uku kenan, kuma kowace 0.6 × 0.6 × 0.4 = 0.144 ce tunda a sau jeri ba ya canza amsa. Uku sau 0.144, 0.432. Don cikawa, mata uku 0.216, mace ɗaya 0.288, babu mace ko ɗaya 0.064, ka tara da 0.432 ɗin ka ga ko ba 1 ba ne.

Mataki na biyar: "aƙalla ɗaya", ka bi ta bayan gida

Duk inda ka ga kalmar aƙalla a tambaya, kada ka tunkare ta gaba da gaba, za ka gaji. Aƙalla ɗaya cikin biyar yana nufin ɗaya ko biyu ko uku ko huɗu ko biyar, kowanne da nasa dogon lissafin. Amma kishiyarsa abu ɗaya ne tak, wato babu ko ɗaya. Sai ka lissafa wannan ka cire daga 1.

Mu ce a wata babbar makaranta kashi 20 cikin ɗari na ɗalibai suna sa tabarau. An zaɓi biyar. Yiwuwar mutum ɗaya ba ya sawa 0.8 ce. Dukansu biyar ba sa sawa, 0.8 × 0.8 × 0.8 × 0.8 × 0.8 = 0.32768. Cire daga 1, ka samu 0.67232, kusan kashi 67 cikin ɗari. Wallahi na sha ganin wanda zai ce 0.2 sau biyar ai 1 ne, don haka dole a samu mai tabarau. Sai na ce masa toh in mutum shida aka zaɓa fa, 1.2 kenan, ya fi dole? Sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Tarawar ta ɓaci ne saboda tana ƙirga zagayen da aka samu masu tabarau biyu sau biyu, na uku sau uku, haka dai.

Wani lokaci a juye ake kawo tambayar: mutum nawa za a zaɓa kafin yiwuwar samun aƙalla mai tabarau ɗaya ta haura kashi 90? Abin da kake nema shi ne "babu ko ɗaya" ta faɗo ƙasa da 0.1. Ci gaba da danna sau 0.8 kana ƙirgawa. A na goma kana kusan 0.107, da saura kaɗan, a na goma sha ɗaya ka sauko kusan 0.086. Amsa 11 kenan.

Wannan dabara ta bayan gida tsohuwa ce. A shekarar 1654 wasu masana lissafi biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a kan tambayoyin wasan sa'a, kuma daga wasiƙun nan ake yawan ƙirga farkon wannan fanni. Ɗaya daga cikin matsalolin da ake dangantawa da wancan zamani ita ce ta dayis mai fuska shida, irin na ludo: in ka jefa ɗaya sau huɗu, samun shida aƙalla sau ɗaya 1 a cire 625/1296 ne, kusan 0.518, ya ɗan haura rabi. Amma in ka jefa biyu sau 24 kana neman shida da shida, kusan 0.491 ne, bai kai rabi ba, alhali mai tarawa zai ce 4/6 da 24/36 ai ɗaya suke. Kuskuren ɗalibina na tabarau kenan, ya fi shekara 350 ana yin sa.

Ita kuma "ko", in an ce mace daga A ko mace daga B ko duka biyun, za ka iya tarawa amma sai ka cire inda suka haɗu: 0.6 + 0.25 − 0.15 = 0.70. Duba ta bayan gida, maza biyu 0.30 ne, 1 − 0.30 = 0.70. Sun yi daidai.

Maganar babbar makaranta da na ce za mu dawo

Tambaya za ta ce kashi 20 cikin ɗari na ɗalibai suna sa tabarau, an zaɓi uku, ba ta faɗi yawan ɗaliban ba ba ta kuma ce an mayar da suna ba. Me za ka yi? A irin wannan ana so ka ɗauka makarantar babba ce ka yi 0.2 × 0.2 × 0.2 = 0.008, kuma yana da kyau ka rubuta a gefe cewa ka ɗauki zaɓukan a matsayin masu zaman kansu. Ga dalilin da ya sa ake yarda da hakan. In ɗalibai 2000 ne, 400 masu tabarau, lissafin ainihi shi ne 400/2000 × 399/1999 × 398/1998, kusan 0.00795. Tsakaninsa da 0.008 ba abin da za a tada jijiyar wuya a kai. Amma mai da shi rukunin mutum 10, biyu masu tabarau, har yanzu kashi 20 ne fa, ka ce a zaɓi uku duk masu tabarau ba tare da mayarwa ba. Ina na ukun zai fito? Amsa sifili ce, ba 0.008 ba. Shi ya sa masu ƙididdiga ke da ma'aunin da suke bi, in waɗanda za ka zaɓa ba su wuce kashi 10 cikin ɗari na jama'ar ba, ka iya ɗaukar su kamar masu zaman kansu. Uku cikin 2000 ya shiga da sarari, uku cikin 10 ko kusa. Sai dai fa in an ba ka ainihin yawan mutanen aji a tambaya, 30 ko 40, kuma ba a mayar da suna, ka yi lissafin ainihi, kada ka fake da ma'aunin nan.

Ɗalibi ɗaya, siffa biyu

Nan wani salo ne daban kuma ya fi na baya santsi. Ba mutum biyu aka zaɓa ba, mutum ɗaya ne, ana tambayar abu biyu a kansa. A nan babu maganar mayar da suna, sai dai ka gwada da lambobi. Ɗalibai 100, mata 60, 'yan ƙungiyar muhawara 25, a cikin 'yan muhawarar mata 15 ne. Yi sau: 0.6 × 0.25 = 0.15. Duba ainihin ƙirge: 15/100 = 0.15. Sun zo ɗaya, don haka a wannan makaranta zama mace da shiga muhawara masu zaman kansu ne. Wata hanyar gani, mata kashi 60 ne na makarantar duka, kuma a cikin ƙungiyar ma 15 cikin 25 kashi 60 ne, wato sanin cewa mutum ɗan muhawara ne bai ƙara maka komai ba a kan jinsinsa.

Yanzu wasu 100 ɗin, 70 sun ci lissafi, 60 sun ci fiziks, 55 sun ci duka biyun. Sau ya ba da 0.7 × 0.6 = 0.42, ƙirge ya ba da 0.55. Ba su haɗu ba, kuma ba abin mamaki ba ne, wanda ya iya lissafi ai ya riga ya yi rabin tafiya a fiziks. In da ba a ba ka 55 ɗin ba ka yi sau abinka, da ka rage mutum 13 daga lissafi ba ka sani ba. Don haka in an ba ka yawan waɗanda suka haɗa siffa biyun, shi za ka ɗauka kai tsaye, sau na gwaji ne kawai.

Akwai kuma ruɗanin da kusan kowa ya taɓa faɗawa, har da ni lokacin ina koyo: ɗaukar abubuwan da ba sa haɗuwa a matsayin masu zaman kansu. Ɗalibi ɗaya ba zai zama ɗan aji ɗaya kuma ɗan aji biyu a lokaci guda ba. Sai kunne ya ji kamar ai ba ruwansu da juna kenan. Akasin haka ne, in aka ce maka ɗan aji ɗaya ne nan take yiwuwar ya zama ɗan aji biyu ta koma sifili, wane dogaro ya fi wannan? Waɗanda ba sa haɗuwa tara su ake yi in an ce "ko", kuma "da" ɗinsu sifili ce. Masu zaman kansu kuwa suna haɗuwa lafiya lau, sai dai ɗaya ba ya jan ɗaya.

Kada ka ce wannan wasan takarda ne kawai. A Ingila a shekarar 1999 an yanke wa wata mata mai suna Sally Clark hukuncin ɗauri bisa zargin kashe jariranta biyu, kuma a cikin shaidar da aka gabatar wa kotu har da cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin nata 1 cikin miliyan 73 ce. An samo lambar ne ta hanyar ɗaukar 1 cikin 8,543 a yi sau da kanta, kamar mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali 'yan uwan juna ne, jini ɗaya gida ɗaya, abin da ya shafi na farko yana iya shafar na biyu. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar ta fito ta soki lissafin a 2001, a 2003 kuma aka soke hukuncin aka sake ta bayan ta yi shekara uku a kurkuku. Sau ɗin babu kuskure a cikinsa, mataki na biyu aka tsallake.

Kwali ba ya tuna jiya

Malami yana zaro suna ɗaya kullum don amsa tambaya, yana mayarwa, aji mutum 30. An kira wani jiya, yau sai ya miƙe ƙafa ya ce ai ni na fita. Bai fita ba, takardarsa na ciki, yiwuwarsa yau 1/30 ce kamar ta kowa. Wanda kuma aka yi sati uku ba a kira ba yana ta fargaba wai layi ya kusa zuwa kansa, shi ma 1/30 ɗin ce, takarda ba ta san kwana nawa ta yi a kwance ba. Inda mutane ke cakuɗa abin shi ne, in tun kafin a fara ka nuna mutum ɗaya ka ce menene yiwuwar a kira shi gobe da jibi, wannan 1/30 × 1/30 = 1/900 ce. Amma in an riga an kira shi jiya, jiya ta wuce ta zama tabbas, saura 1/30 kawai. Haka ma in tambayar ita ce a maimaita mutum ɗaya ko ma wanene, 1/30 ce, don ranar farko kowa ya fito daidai ne, ta biyu ce kawai ake so ta dace da ita.

Ga wani abin da ke ba mutane mamaki. In malamin nan ya yi kwana 30 yana zarowa, a aji mai mutum 30, kana tsammanin kowa zai samu sau ɗaya? Yiwuwar wani ɗalibi ya tsira a rana ɗaya 29/30 ce, ka yi sau da kanta har sau 30 za ka samu kusan 0.36. Wato a matsakaici kusan mutum 11 ba za a taɓa kiran su ba a tsawon kwanakin nan, wasu kuma an kira su sau biyu sau uku suna ta ƙorafin malam ya sa musu ido. Malamin da ke son kowa ya ɗana, sai ya daina mayar da suna har kwalin ya ƙare, amma daga nan ya bar zaman kai, a rana ta biyu wanda ba a kira ba yiwuwarsa 1/29 ce, a ta uku 1/28, ranar ƙarshe kuwa wanda ya rage ya san shi ne tun kafin a sa hannu.

Gwada wannan kafin ka rufe

Aji C mutum 20 ne, 5 suna zuwa da keke. Aji D mutum 25 ne, 10 suna zuwa da keke. An zaɓi ɗaya daga kowanne. Nemo yiwuwar dukansu masu keke ne, sannan ɗaya tak ne mai keke, sannan aƙalla ɗaya. Ka rufe abin da ke ƙasa da hannu ka yi tukuna.

Kwali biyu ne daban, don haka akwai zaman kai. A C keke 0.25, babu keke 0.75. A D keke 0.4, babu keke 0.6. Dukansu, 0.25 × 0.4 = 0.10. Ɗaya tak hanya biyu ce, 0.25 × 0.6 = 0.15 da 0.75 × 0.4 = 0.30, haɗe 0.45. Babu ko ɗaya, 0.75 × 0.6 = 0.45, don haka aƙalla ɗaya 0.55, wanda ya yi daidai da 0.10 + 0.45. In ka samu 0.65 a ta ƙarshe tarawa ka yi ka manta cire 0.10. Yanzu canza tambayar da kanka, a ce duka biyun daga aji D za a ɗauko su tafi gasa tare, dukansu masu keke: 10/25 × 9/24 = 90/600 = 0.15, ba 0.16 ba.